Mai Begilar da Ya Ƙi a Sake Shi

Ranar da babban gandiroba, Punia Sahib, ya tsaya gaban layi ya sanar cewa gwamnati ta yafe wa Hukma Ram sauran shekarunsa, sai da aka yayyafa wa mutumin ruwa kafin ya farfaɗo. Mata suka hau waƙa, maza suka cicciɓe shi sama, wani ya ruga kanti sayo alewa. Kowa ya ɗauka daɗi ne ya sumar da shi. Ina fa daɗi. Shi abin da kunnensa ya ji, an ce ya tattara nasa ya nasa ya bar gidansa, kuma ga mutane suna yi masa tafi a kai.

Kada ka yi saurin cewa ya zautu. Gidan yarinmu na bayan tashar jirgi ba shi da katanga. Ƙofa dai akwai, da fentinta da allonta, amma awaki ta gefenta suke wucewa, haka ma mutane idan suna sauri. Wanda ya daɗe a babban kurkuku bai ta da hankalin kowa ba, shi ake kawowa nan ya ƙarasa. Ya gina ɗakinsa da hannunsa, ya shiga gari ya nemi abincinsa. Doka guda ce mai ƙarfi: a gan ka a layi da safe, a kuma gan ka a layi kafin rana ta faɗi. Sansani muke ce wa wurin.

An haifi Hukma Ram a wani ƙauye can cikin rairayi, inda ake juya ruwan gona bi da bi, kowa da ranarsa. Yana saurayi mai ji da ƙarfi suka yi sa-in-sa da ɗan baffansa a kan wanda ruwa zai fara shiga gonarsa. Sanda ɗaya ya kai masa, ɗan baffan bai tashi ba. Hukma Ram bai taɓa cewa ba shi ba ne, bai kuma taɓa ba da labarin yana dariya ba, shi da yake dariya a kan komai. Matarsa ta koma gidansu ta yi wani auren. 'Yan'uwansa suka raba gonar, kuma da mahaifiyarsu ta mutu suka aiko masa cewa kada ya nemi izinin zuwa wurin ƙona gawa, ba a buƙatarsa. Tun daga ranar ya daina cewa "garinmu".

A babban kurkuku aka zo neman masu faɗin ƙirji da za su shiga 'yan badujala. Ya ɗaga hannu, ba don ya san kiɗa ba, sai don ya ji ana ƙara musu madara a shayi. Aka miƙa masa begila. Watan farko har karnukan bayan katanga sai da suka yi ƙaura, amma sannu a hankali abin ya zauna masa, har ya zama idan ya busa, gandirobobi kan tsaya da abin da suke yi. Da aka kawo shi Sansani sai ya sami gurbi a ƙungiyar badujalar Nathu Masta, masu raka ango. Aka ba shi jar kwat mai igiyoyin zinariya a kafaɗa da maɓallai reras har wuya. Ya sa ta, ya dubi madubi, ya sara wa kansa.

Shi kaɗai ne mai begila a duk jihar Rajasthan da bai taɓa ganin ƙarshen biki ba. Ango na kan goɗiya, dangi na tsakar rawa, ana liƙa kuɗi, sai ka ga Hukma Ram ya ɗaga kai ya dubi rana, ya cusa begila a hammata ya ranta a na kare. Jar kwat na tsallake kwata, tana ratsa kasuwar kayan miya, tana haye layin dogo. Yana isowa Sansani zai tsaya gindin darbejiya ya busa kiran layi, don wannan ma aikinsa ne, sannan ya ruga ya shiga sahu yana haki ya amsa sunansa. Nathu Masta ya kore shi ya fi a ƙirga, kuma kullum da safe shi yake aikowa a kira shi.

To, ɗakin da ke kallon nasa na Sugna Bai ne, tela. Ita ma laifin kisa ne ya kawo ta. Mijinta ya yi shekaru yana jibgarta, wata rana tana daka barkono ya shigo da bulala, ta juyo da taɓarya. Ba ta da yawan magana, kuma idan ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana yaro. Hukma Ram ya mutu a kanta tun shekarar da ta zo. Bai taɓa faɗa ba. Abin da yake yi, duk mako sai ya kama maɓalli ɗaya na jar kwat ya murɗe shi, ya tsallaka wurinta, ya yi mata gaisuwar mutanen can.

"Ram Ram, Sugna Bai. Ya sake tsinkewa."

"Ajiye a nan, Hukma-ji."

Sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon akuyarta har ta gama. Iyakar soyayyar ke nan, kuma shi ta ishe shi. Yanzu ga gwamnati ta ce ranar bikin 'yancin kai zai fita, saura 'yan makonni, ita kuwa Sugna da sauran shekaru a kanta. Wanda aka saki ba ya kwana a Sansani. Ɗakinsa ma an riga an san wanda za a ba.

Ya tafi wurin tsoho Kajod, shugaban majalisar fursunoni, wanda ke jan keke mai ƙafa uku a gari kuma haƙoransa ba su fi na jinjiri yawa ba.

"Dattijo, so nake a fasa."

"A fasa me?"

"Sakin."

Kajod ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga da gaske ake, sai ya goge ido ya gyara rawani.

"Halin kirki ne ya ja maka, ɗan'uwa. Ka cika ladabi, ga sakamakon nan. Sai ka yi laifi. Amma ka auna shi da kyau, daidai wa daida. In ya yi ƙanƙanta a yi dariya, in ya yi girma a mayar da kai bayan katanga, ka ga ka rasa ɗakin, ka rasa akuyar da kake zuwa kallo."

"Wace akuya?"

"Ni ma ita nake tambaya," in ji Kajod.

Laifin da ya fi dacewa shi ne makara a layi. Washegari da la'asar Hukma Ram ya zauna a teburin mai shayi na tasha, ya juya wa Sansani baya. Rana ta yi ƙasa, ƙafafunsa suka fara neman gudu da kansu, ya danne su da hannu. Ya sha shayi, ya ƙara, ya sake ƙarawa har cikinsa na ƙugi. Rana ta faɗi. Tun da aka kawo shi bai taɓa ganin faɗuwar rana a wajen Sansani ba, bai ma kalle ta ba don tsoro. Sai da aka kunna fitilun tasha ya miƙe, ya tafi yana jan ƙafa, yana shirya fuskar mai laifi.

Ya tarar da Sansani kaf a zaune gindin darbejiya. Mata na tsintar wake, maza na karta, Punia Sahib na kan kujera yana ɓarar gyaɗa.

"Yauwa, ga shi nan," in ji Sahib. "Busa mana mu tashi, sauro ya fara."

"Sahib, na makara."

"Wa ya ce? An busa ne?"

"A'a, Sahib."

"To wanda ya iso kafin a busa, ta ina ya makara?"

Hukma Ram ya busa, ya shiga sahu, ya amsa sunansa kamar zai yi kuka.

Sai Kajod ya ce a gwada rashin kunya ga hukuma. Hukma Ram ya yini yana gwaji a bayan ɗaki, yana zazzaga wa tulun ruwa baƙaƙen maganganu, kuma tulun ya sha su da kyau. Da safe ya taka har ofis, ya ƙi sarawa, ya tura ƙirji. Punia Sahib ya ɗago. Duk zagin nan ya bi iska.

"Sahib," ya ce da ƙyar, "gashin bakinka na hagu ya fi na dama tsawo."

Sahib ya jawo aljihun tebur, ya fito da ɗan madubi, ya duba ta nan ya duba ta can.

"Ka ga mutumin kirki. Matata kullum tana kallona ba ta taɓa faɗa mini ba. Zauna a kawo maka shayi."

Daga nan ya saci keken Sahib da rana tsaka, a gaban mutane, yana kaɗa ƙararrawa don a shaida. Kafin ya kai kasuwa ya ji birki ba ya ci, ya ce a ransa wannan ai sai ya kashe mai shi, ya tsaya wurin mai gyara, ya dawo da keke yana ƙyalli. A layin yamma Sahib ya yabe shi a gaban kowa, ya ce irin waɗannan ake so a mayar wa al'umma. Kajod ya toshe baki da jelar rawani, kafaɗunsa na girgiza.

Da aka watse Sahib ya yafito shi.

"Hukma, ka ɗauka ni jaki ne?"

"Haba, Sahib."

"Ba kai ne na farko ba. Na taɓa fitar da wani da gadonsa, yana kwance a kai, mutum huɗu suka ɗauka. Ba na so in yi maka haka. Ko ka sace ni da kaina, takardarka ta fito daga hedikwatar jiha a Jaipur, ba mai mayar da ita." Ya murza gashin bakin da aka daidaita. "Mutum iri biyu ke kwana a Sansani, fursuna da iyalin fursuna. Na farkon ka gama shi."

Daga can ƙarar keken ɗinki na tashi. Sahib ya dubi wajen, ya dubi sama.

"Ni dai ban ce komai ba," ya ce, ya hau kekensa.

Hukma Ram ya kai wa Kajod maganar a daren, kafin gari ya waye zancen zai nemi auren Sugna ya gama Sansani, don Kajod ba ya iya riƙe ko tari. Duk inda Hukma Ram ya gifta sai an tanka. Wannan ya ce ya fara aro kwalkwali wurin 'yan babur. Wancan ya ce ranar tarewa a tabbata an kai turmi da taɓarya maƙwabta. Kajod ya tare shi a famfo da fuskar jimami.

"Ka dai san abin da ya sami na farkon."

"Ni ma ai ba tallan furanni ne ya kawo ni nan ba," in ji Hukma Ram.

Ya yi wanka, ya shafa mai, ya sa jar kwat, ya sayi kwalin alewar madara. A bakin ƙofarta hannunsa ya kai kan maɓalli don sabo, ya janye shi. Sugna ta tsayar da keke, ta dube shi ta saman tabarau.

"Yau bai tsinke ba?"

"Sugna Bai, Sahib ya ce, wato doka ta ce, iyalin fursuna, in mutum yana da aure, to ɗaki..."

"Na ji. Akuyata ma ta ji." Ta cire tabarau ta ajiye. "Hukma-ji, ni tela ce. Na san maɓallin da ya tsinke, na san wanda aka murɗe. Shekara da shekaru ina ɗinka maka da zare biyu, kana wahalar cirewa, ban ce komai ba. Yanzu ka faɗa mini gaskiya. Ni kake so ko wurin kwana?"

Da wani ne da ya rantse da sunan duk abin bauta. Hukma Ram bai iya ƙarya ba, shi ne ma ciwonsa.

"Duka biyun," ya ce a hankali. "Ina tsoron waje, Sugna Bai. Ba ni da kowa a can."

Ta dubi kwalin alewar.

"Na taɓa zama da mutum don ba ni da wurin zuwa. Ka san yadda ta ƙare. Ba zan bari wani ya zauna da ni don ba shi da wurin zuwa ba. Ka fita. Ka kama haya, ka ci abincin waje, ka ga ƙarshen biki. Kada in ga ƙeyarka a nan sai bayan bikin fitilu na Diwali. In ka ɗanɗana ka dawo da ƙafarka, sai mu yi magana. In ba ka dawo ba, ba ka ci amanar kowa ba."

Ta karɓi alewar dai. Ta ce ba a mayar da alewa.

Ranar 'yancin kai aka ɗaga tuta, ya busa, aka rataya masa furanni. Ya ɗauki akwatin ƙarfensa da begilarsa, ya bi ta ainihin ƙofar don girmama ranar. Hawaye yake yi shaɓe-shaɓe, mutane na cewa kai, ji daɗin 'yanci. Sugna ba ta fito ba, amma keken ɗinki bai yi ƙara ba ranar.

Nathu Masta ya ba shi wani ɗan ɗaki a saman shagon da ake ajiye ganguna. Makon farko, rana na yin ƙasa sai ya tsinci kansa a guje ya nufi layin dogo, sai ya tuna, ya tsaya tsakiyar titi masu babur na zaginsa. Da safe ya farka ya ƙame a gefen gado yana jiran sunansa.

Sai kuma abin da bai zata ba ya faru. Waje ya yi masa daɗi.

Ranar da aka fitar da gunkin Ganesha zuwa tafki, ya dubi rana don sabo, ta faɗi, ba abin da ya same shi. Aka kunna fitilu masu launi, aka ɗaga su a ka, ya ga ashe jar kwat ɗin nan don hasken fitila aka yi ta. Ya busa har kumatunsa suka yi tsami, ya yi rawa da begila a sama, wani ɗan kasuwa ya rungume shi. Daga nan fa sai abin ya zame masa kamar yaron da aka saka a kantin alewa. Ya shiga silima ya kalli fim ɗaya sau biyu a jere. Ya hau bas bai tambayi inda za ta ba, ya sauka a ƙarshen hanya, ya ci gasasshiyar masara, ya hau ta dawo da shi. Ya shiga jirgin ƙasan da ya yi shekaru yana tsallake layinsa. Ya hau matakalar nan mai tafiya da kanta a wani babban kanti, ya sauko, ya sake hawa, har mai gadi ya roƙe shi ya bar wa wasu. Ya sha ƙanƙara mai ruwan hoda ya yi mura, ya warke ya ƙara.

Ana gab da Diwali Nathu Masta ya zo da babban labari. Wata ƙungiyar badujala ta birni ta ji busarsa, suna so ya bi su, gari gari har bakin teku, da ɗaki da abinci da kwat sabuwa fara. Hukma Ram bai taɓa ganin teku ba. Ya ce zai je ya gani, ya bi su biki ɗaya. Diwali ta same shi a can, ta wuce, aka share tokar wasan wuta daga tituna, bai dawo ba. A Sansani aka daina tsokanar Sugna, wanda ya fi tsokanar ciwo.

Wata yamma ana shirin layi, Kajod na dukan guntun ƙarfen dogo da guduma, don abin da suka koma yi ke nan, sai ga mutum ya tsaya a ƙofa da akwatin ƙarfe a ka. Ya yi baƙi, ya yi ƙiba, ya sa tabarau na rana irin na 'yan birni. Bai bi ta gefe ba. Ya tsaya ya jira aka gama kiran suna, sannan ya shigo ya nufi inda Sugna take. Ba wanda ya watse. Masu tuwo a wuta ma suka bar shi ya ƙone.

"An ce ka tafi teku," ta ce.

"Na je. Sugna Bai, ba zan yi miki ƙarya ba, waje da daɗi. Akwai matakala mai tafiya da kanta. Na ga ƙarshen biki, ashe kuka ake yi a ƙarshen. Teku kuwa ba shi da ɗaya gaɓar, na duba. Sun ce in zauna, kuma na so in zauna."

"To me ya dawo da kai?"

Ya cire tabarau, ya rasa inda zai sa shi, ya riƙe a hannu.

"Duk abin da na gani sai in juya in ce, Sugna, duba. Sai in ga ba kowa. A bakin teku na faɗa da ƙarfi, wata mata ta ɗauka da ita nake, mijinta ya biyo ni. Na gaji da juyawa."

Kajod ya fyace hanci da ƙarfi. Sugna ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska kamar amarya a gaban ango, abin da ba wanda ya taɓa gani ta yi wa wani namiji a Sansani.

Punia Sahib ya taho yana tura kekensa, ya ɗaure fuska irin ta aiki.

"Sugna, rana ta faɗi, baƙi su fita. Wannan mai akwatin wane ne?"

"Iyalina ne, Sahib. Gobe za mu je wurin malamin ɗaurin aure. Yau ya kwana ɗakin Kajod."

"Zai daɗe?"

Ta dubi Hukma Ram, ta dubi ƙofar da ya shigo ta ciki.

"Sai na gama shekaruna, Sahib. Ni ma tsoron wajen nake ji, ban taɓa faɗa wa kowa ba. In ranar ta zo shi zai riƙe mini hannu mu fita, tunda ya riga ni sanin hanya."